Minti Biyar da Rabi

'Yata,

 

Saƙon muryarki ya same ni daren Talata, na saurare shi har sau uku. Kin ce wurin aikin da kike nema a Yamai sun ce sai kin kawo sakamakon jarrabawar TOEIC, har da sashen magana. Kin ce karatu da saurare ba su dame ki ba, amma da kin tuna za a ce ki buɗe baki ki yi Turanci agogo na tafiya, sai gabanki ya faɗi, kalmomin da kika sani su watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Na ji yadda muryarki ta yi ƙasa da kika zo wurin. Da farko na so in amsa miki da murya ni ma, sai na ga zan manta rabin abin da ke raina, shi ya sa na ɗauko takarda. Shekaru na yi ina koyar da Turanci, daga baya kuma ina shirya ma'aikatan ofis don irin wannan jarrabawa, kuma abin da ya kama ki na gan shi a fuskoki da yawa. Yana da magani.

Bari in fara rage miki girman dodon. Wata cibiya ce ta Amurka mai suna ETS take shirya jarrabawar. An fara yin ta a Japan a 1979, lokacin da kamfanonin can suke neman hanyar gane ko ma'aikacinsu zai iya gudanar da aiki da Turanci, sashen magana da na rubutu kuwa sai a 2006 aka ƙaro su. Ki riƙe wannan asali, domin daga nan ta ɗauko halinta: don mutanen ofis da masana'anta da otal da filin jirgi aka yi ta. A sashen magana, za ki zauna gaban kwamfuta, abin saurare a kunne, makirfo a kusa da baki, a yi miki tambayoyi 11 cikin kamar minti 20, a naɗi muryarki a aika wa masu ba da maki. Makin daga 0 ne zuwa 200. Na zauna na haɗa lissafin lokacin da bakinki zai yi yana motsi. Karatu biyu, kowanne sakan 45. Hotuna biyu, kowanne sakan 30. Tambayoyi uku da suka haɗa minti ɗaya, wasu uku su ma minti ɗaya, sai ta ƙarshe, minti ɗaya. Duka-duka sakan 330. Minti biyar da rabi ke nan, 'yata, bai kai lokacin da kike ɗauka kina gaisawa da kakarki a waya ba. Sauran lokacin na umarni ne da shiri da saurare.

Ban faɗi wannan don ki raina ta ba. Na faɗa ne don ki gane cewa a minti biyar da rabi babu filin baje kolin duk Turancin da kika tara tun daga sakandare har jami'a. Wanda zai saurari muryarki bai san ki ba, ba zai ga fuskarki ba, bai san irin makin da kika ci a rubuce ba. Abin da yake aunawa kusan guda ne: in wannan yarinya ce ta ɗaga waya a ofis, mai kira daga Akra ko Dubai zai gane abin da ta ce ba tare da ya ce ta maimaita ba? Kuma abin da aka tambaye ta shi ta amsa?

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan mu Hausawa muke yin asarar maki ba don rashin Turanci ba. An raine mu da harshen zaure. In kika je wurin babba da buƙata, sai kin durƙusa, kin tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, sannan ki fara kewayo, ki kawo dalili, ki ƙara wani, buƙatar ta zo a ƙarshe a hankali, ido a ƙasa, murya a ƙasa. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ina alfahari da kika tashi da ita. Kada wani ya sa ki ji ta zama nakasa. Amma in aka ba ki sakan 15 kika fara da kewayo, lokaci zai yanke ki kafin ki iso kan maganar, mai ba da maki kuwa abin da ya ji zai duba, bai san abin da ya rage a cikinki ba.

Sai dai muna da wani harshen na biyu, kuma kin fi ni iya shi. Tun kina 'yar firamare, lakwal kamar yadda kuke cewa, kike zama a rumfar babanki a kasuwar Maraɗi ranar da babu makaranta. Mutum ya tsaya ya ce nawa tiya, kuɗin kike faɗa masa nan take. Ya taya, ki ce albarka. Ya ce me ya sa ta yi tsada haka, ki ce sabuwa ce, jiya ta iso daga ƙauye, buɗe buhun ka gani. Na tsaya a gefe na kalle ki kina yin wannan kina 'yar shekara goma, babu rawar murya, babu sunkuyar da kai, kuma babu wanda ya ce kin yi rashin kunya, domin kowa ya san haka kasuwa take. Amsa ta fara fita, dalili ya biyo baya, shaida ta rufe. To wannan yarinyar ta rumfa nake so ta shiga ɗakin jarrabawa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma wannan rawar kin daɗe da iya ta, yare kawai za ki sauya mata.

Za ki fi ganin amfanin haka a tambaya ta 5 zuwa ta 7. Sakan 3 kawai ake ba ki kafin kowace amsa, biyun farko ki yi sakan 15, ta uku sakan 30. Abubuwan yau da gobe ake tambaya, sayayya, tafiya wurin aiki, abinci, waya. Sakan 15 jimla biyu ce, in ta yi yawa uku. Ki ari kalmomin tambayar ki buɗe amsarki da su, wannan ya ɗauke miki nauyin neman mafari. Ki kuma lura, sau da yawa tambayar kai biyu gare ta, yaushe kuma da wa, a ina kuma sau nawa. Ɗalibaina da yawa sukan amsa kai ɗaya da kyau su manta ɗayan. Ki saba da ƙirgawa da yatsa tun kina karanta tambayar: ɗaya, biyu.

Ta 8 zuwa ta 10 su ne suka fi kama da aikin ofis na gaske. Za a nuna miki takarda a allon kwamfuta, jadawalin taro ne, ko tsarin tafiya, ko wani abu makamancin haka, a ba ki sakan 45 ki duba, sannan ki ji muryar wani kamar ya kira ki a waya yana tambaya a kai. Wannan wurin na lambobi ne, kuma lamba ita ce ta fi saurin guje wa bakin mai koyon yare. Mutum zai yi shekara ashirin yana magana da wani yare, amma in ya zo ƙirga kuɗi ya koma harshen uwarsa. Ke kanki ya saba da juyi, a ce dala ashirin ki san sefa 100 ake nufi, a ce jika ki san 1,000 ne, ga kuma ƙirgar Faransanci da take ce wa 80 ashirin huɗu. Wannan sabo zai taimake ki, amma sai kin ɗora masa juyi na uku har ya zauna. Faransanci ya koya miki ƙirga awa har 24, takardar jarrabawa kuwa galibi da "a.m." da "p.m." za ta zo. Ba'amurke wata yake fara rubutawa kafin rana, saboda haka 3/4 a wurinsa 4 ga Maris ne, ke kuma idonki zai karanta 3 ga Afrilu. Inda kuke sa waƙafi a tsakiyar lamba, su ɗigo suke sawa, inda kuke barin fili don raba dubbai, su waƙafi suke sawa. Ga kuma ƙananan kalmomin nan uku da ake rainawa, "on" ga rana, "at" ga awa, "in" ga wata da shekara. Kullum in kin fita, duk lambar da idonki ya faɗa a kai, ta mota ce ko ta farashi ko ta agogo, ki faɗe ta da Turanci a fili. Sati biyu ya isa ki ji bambanci.

Akwai tarko ɗaya a wannan sashe da ya shafi halinmu. Sau da yawa mai kiran yakan zo da labarin da ba daidai ba, ya ce na ji an ce ƙarfe 9 za a fara, haka ne ko? Takardar kuma ta ce ƙarfe 10. Dole ki gyara masa, kuma bakinmu yana nauyi wurin ce wa baƙo ba haka ba ne. Turanci yana da nasa lafuzzan ladabi na wannan aiki, ki mallake su. In Bature ya ce "I'm afraid" kafin ya ba ka labari marar daɗi, ba tsoro yake ji ba, kamar mu ce "sai dai kuma" ne, ko "ka yi haƙuri". Haka "actually", tausasa gyara take yi. Ita wannan kalma ki yi hattara da ita, domin kunnenki na Faransanci zai ce miki "a halin yanzu" take nufi, alhali "a gaskiya" take nufi. Irinta suna da yawa, kalmomin da suka yi kama da na Faransanci kamar an tsaga kara amma ma'ana ta raba hanya. "Eventually" daga ƙarshe take nufi, ba wataƙila ba. In kika ce "demand" a inda kike nufin roƙo, kin zama mai tilastawa. In kika ce "assist" a taro, kin ce kin taimaka, ba kin halarta ba. Ki buɗe musu shafi guda a littafinki.

Wannan nauyin baki na tuna mini da wata yarinya da na koyar a shekarun da nake shirya ma'aikata don jarrabawar Turancin kasuwanci ta Cambridge, wadda aka sani da BEC. A wancan lokacin tsarinta daban ne, mutum biyu ke shiga tare, a gaban malamai biyu, ɗaya yana tambaya ɗaya yana saurare yana rubuta maki, a matakin tsakiya minti 14 ake yi, kuma a kashi na uku su biyun ne za su tattauna wata matsalar aiki a tsakaninsu. Ran nan a aji na haɗa ta gwaji da wani dattijo daga ma'aikatarsu. A rubuce babu wanda ya kama ƙafarta a ajin. Amma har aka gama, ban ji komai daga bakinta ba sai gyaɗa kai da "I agree". Da na ja ta gefe, sai ta ce, Malama, ai sa'an babana ne, ta yaya zan katse shi? Ban yi mata faɗa ba, domin na san daga inda maganar ta fito, kuma wuri ne mai daraja. Muka zauna muka nemo mata hanyoyin da mai Turanci yake bi ya yaba maganar babba sannan ya ɗora tasa a kai, shi ma dattijon ya koyi tsayawa ya ce mata ke me kika gani. Bayan wata guda sai ga su suna musu kan farashi cikin mutunci, kowa na sauraron kowa. Ke kwamfuta ta ɗauke miki wannan a ranar jarrabawa, amma yana jiran ki a ranar ganawa da masu ɗaukar aiki, da kuma kowane taro bayan haka. Shi ya sa nake so ki sami abokiyar gwaji, mutum mai rai wadda za ta tambaye ki abin da ba ki shirya ba.

Yanzu lafazi, wanda shi ne abin da tambaya ta 1 da ta 2 suke aunawa. Za a ba ki ɗan rubutu, sanarwa ko talla ko saƙon waya, ki duba sakan 45, ki karanta a fili cikin sakan 45. Ki cire wa ranki cewa sai kin yi magana kamar 'yar Landan ko 'yar Amurka. Masu maƙale murya suna kwaikwayon fim su suka fi wahalar ganewa. Ki yi da muryarki, ki gyara wuraren da suke ɓata ma'ana kawai. Kuma kin shigo da jari fiye da yadda kike zato. Ɗalibaina na nan Katsina da Kano sukan sha fama wurin raba "p" da "f", da "b" da "v", domin Hausa ba ta raba su ba, ke Faransanci ya riga ya raba miki. Bafaranshe yakan haɗiye "h", ke Hausa ta ba ki ita tun a zanin goyo. Sautin nan na "th" da kowa ke kuka da shi, malamar Islamiyya ta koya miki shi a tajwidi: na farkon "think" shi ne harafin farkon "thumma", wanda ake fito da kan harshe tsakanin haƙora, na farkon "this" kuwa zal ne. Kunnen da yake raba gari na mutane da garin tuwo, ta tsawon wasali kawai, ba zai kasa raba "live" da "leave" ba, ko "fill" da "feel", in an nuna masa inda zai saurara.

Inda yarukanki biyu suka haɗa baki suka cuce ki shi ne ƙarshen kalma. Hausa tana son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa muka karɓi banki da burodi da asibiti muka yi musu kwaskwarima har suka zauna a bakinmu. Faransanci kuma yana rubuta baƙi a ƙarshe ya ƙi furta shi. Turanci kuwa a wutsiyar kalma yake rataye jam'i da shuɗaɗɗen lokaci. In kika haɗiye ƙarshen "products" ko "asked" ko "costs", mai saurare zai ɗauka nahawun ne ba ki sani ba, alhali kin sani, baki ne bai ƙarasa ba. Ki rage gudu ki ƙarasa kowace kalma. Sakan 45 ya ishi rubutun har da saura, masu sauri ne suke tuntuɓe.

Sai nauyin gaɓa. Faransanci ƙarshe yake dannawa, Turanci kuwa kowace kalma da inda take ɗaukar nauyinta, kuma wani lokaci nauyin shi ne ma'anar. Da shi ake raba 13 da 30, da 15 da 50, kuma ke 'yar kasuwa kin san abin da ke tsakanin buhu 15 da buhu 50. Duk sabuwar kalmar da kika rubuta, ki ja layi ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa. Ƙamus na waya yana furta kalma in kin taɓa ta, ki saurara kafin ki haddace ta a karkace, domin gyaran abin da baki ya saba ya fi koyon sabo wuya. A rubutun karatun kuma kusan kullum za ki tarar da jerin abubuwa uku. Murya ta hau a na farko, ta hau a na biyu, ta sauka a na uku, yadda mai talla yake jera kayansa.

Hotunan ba zan tsaya a kansu ba. Sakan 45 na shiri, 30 na magana. Ki faɗi wurin, ki faɗi abin da mutanen suke yi, ki faɗi abin da ke gefe da baya. In sunan wani abu ya ɓace miki, kada ki tsaya nemansa, ki kewaye shi da bayani. Mu da muka ga jirgi a kan dogo muka ce jirgin ƙasa, muka ga mai tsaron ƙofa muka ce mai gadi, ba a koya mana wannan dabara.

Tambaya ta 11 ita ce ta ra'ayi, sakan 45 na tunani, minti ɗaya na magana. Za a ce, misali, ya fi kyau ma'aikaci ya daɗe a kamfani ɗaya ko ya riƙa sauyawa. Na san ki, za ki so ki yi wa kowane ɓangare adalci, ki ce wannan yana da kyau, wancan ma yana da kyau. Minti ɗaya ba ya ɗaukar shari'a. Ki zaɓi ɓangare a jimlar farko, ki kawo dalili biyu, ki jingina aƙalla ɗaya da misali. Babu mai ba ki maki don ra'ayinki ya yi daidai da nasa, yadda kika ɗaure maganar ake dubawa. Wasu masu koyarwa za su ce miki ki ƙirƙiro misali, ki ce yayana yana aiki a kamfani kaza ko da ba ki da yaya. Ni ban yarda da wannan ba. Ban so bakinki ya saba da shi, kuma ko ta fuskar maki ma asara ce, domin mai ƙirƙira aiki biyu yake yi a lokaci guda, yana ƙera labari yana neman kalmomi, sai ki ji yana ta in-ina. Abin da ya faru da gaske a shirye yake a kanki. Kina da rumfar babanki, da shekarunki na jami'a, da watannin da kika yi kina koyon aiki, da abin da kika gani na yadda rufe iyaka yake tsayar da motocin kaya tsakanin Jibiya da Ɗan Isa. Ki zauna ki zaɓi labarai biyar ko shida daga rayuwarki, ki koyi ba da kowanne da Turanci cikin jimla uku. Za ki ga kusan kowace tambaya ɗayansu ya shige ta.

Wannan ya kawo ni kan hadda. Mu mutanen hadda ne, Allah ya ba mu wannan baiwa, kuma a nan tana iya zama tarko. Na ga masu haddace amsa sukutum, su shiga, tambaya ta ɗan karkace kaɗan, su zuba abin da suka haddace a kan abin da ba a tambaya ba. Muryar mai tilawar amsa ma daban take, kunne yana ganewa. Ki haddace ƙananan mahaɗai, na buɗe ra'ayi, na kawo dalili, na ba da misali, na gyara cikin ladabi. Guda goma sha biyu da suka zauna a baki sun fi ɗari da ke cikin littafi. Naman maganar kuwa ki bar shi ya fito sabo.

Abin da za ki ɗauko daga makarantar allo wani abu ne daban. A can babu mai karatu a zuci. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kowa yana ɗaga murya, kuma yaro yana riƙe nasa karatun a tsakiyar wannan amo bai ɓata ba. Ɗakin jarrabawar magana haka yake. Ba ke kaɗai ba ce, na dama da na hagu duk za su fara magana lokaci guda, wani da ƙarfi kamar mai shela. Wanda ya yi shirinsa a ɗaki shiru, ƙofa a rufe, a nan yake rikicewa. Saboda haka wani lokaci ki yi gwajinki a tsakar gida, ƙannenki na wasa, rediyo na kunne, ana daka. Kuma ko yaushe a fili. Turancin da kika karanta da ido yana zama a ido. Harshe da leɓe tsoka ne, sai an motsa su suke sabawa, kamar hannun mai tuƙa tuwo.

Ga yadda nake so ranakunki su kasance. Minti ashirin kullum, ya fi awa uku ranar Lahadi. Ki sa agogon waya, ki naɗi muryarki, ki saurara. Ranar farko ba za ki so abin da kika ji ba, babu wanda yake so, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ki saurara da biro a hannu, ki fitar da kuskure ɗaya tak, ki sake naɗa. In kika ce za ki gyara goma a lokaci guda, babu wanda zai gyaru. Kada ki goge naɗin farko, ki ajiye shi, bayan sati uku ki dawo ki ji shi, a ranar da zuciyarki ta ce miki ba kya ci gaba. Mu kuma mutanen rediyo ne, tun 1957 BBC take magana da Hausa, a gidanku ma da ita ake karyawa. Ki ƙara da sashensu na Turanci, ki ɗauki labarin kasuwanci na minti ɗaya, ki riƙa bin mai karantawa a baya kamar mai amshi, kina kwaikwayon inda ya tsaya da inda ya danna. Samfurin tambayoyi kuma ki ɗauko daga shafin ETS kansa, kyauta ne. Ki yi hattara da tsoffin littattafan da ake sayarwa a bakin titi, a cikinsu za ki ga wata tambaya ta sauraron ƙorafi a kawo mafita, da hoto ɗaya maimakon biyu. Tsohon tsari ne, an sauya shi.

Abu biyu ki yi su a wannan satin. Ki tambayi wurin aikin makin da suke so, a rubuce. A ma'aunin Turai da ma'aikatu suke amfani da shi, 120 a sashen magana shi ne matakin B1, 160 shi ne B2, 180 kuma C1, kuma shirin mai neman 120 daban yake da na mai neman 160. Sannan ki tuna sakamakon shekara biyu yake aiki, ki zaɓi rana da ta ba ki aƙalla sati shida na shiri, kuma ta bar lokacin fitowar sakamako kafin su rufe karɓar takardu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar kanta, ki yi barci da wuri, ki karya, ki duba katin shaidarki tun daren. A hanya ki riƙa yin Turanci a hankali, kada jimlar farko da za ta fita daga bakinki a ranar ta zama ta jarrabawa. In aka ce a gwada makirfo, ki yi da muryar da za ki yi amsa da ita, muryar rumfa. In kika yi tuntuɓe a wata tambaya, ki gyara da kalma ɗaya ki wuce, in kuma ta ƙwace gaba ɗaya, ki bar ta a inda ta faɗi. Kowace amsa da makinta, ta 6 ba ta bin ta 7 bashi. Shiru ba shi da maki, saboda haka ko jimla mai sauƙi ce ki faɗe ta.

 Ranar Juma'a bayan la'asar ki ajiye wayarki kusa da ke. Zan kira, ba za mu gaisa ba sai mun gama, zan karanta miki tambaya ɗaya da Turanci, in ba ki sakan 45, sannan in yi shiru minti ɗaya ina sauraro. In mun ƙare sai mu gaisa yadda ya kamata, ki ba ni labarin kowa da kowa. Allah ya buɗa miki baki, ya sa albarka a abin da kike nema.

Goggonki